Wasiƙa zuwa ga Lawali a Lome

Maradi, 16 ga Nuwamba, 2025

Aminina Lawali,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da maiɗakinka da yara. Mu nan sai godiyar Allah. An gama girbi, hatsi ya shiga rumbu, sanyi ya fara sauka da asuba. Jiya na biya gidanku a Bagalam na tarar da Inna tana shan hantsi a tsakar gida. Ƙafar ta yi sauƙi sosai, amma kewarka ce ke damunta.

Saƙonka ya iso, na saurare shi har sau uku. Na gode da ka tuna da ni lokacin da Alhajinku ya ce yana neman mai jin Faransanci da Ingilishi da zai riƙe masa takardun kaya a tashar jiragen ruwa. Na san tun da hanyar Kwatano ta toshe kayan ƴan kasuwarmu suka koma bi ta Lome, kuma albashin da ka faɗa ya ninka abin da nake samu. Na yi shawara da Baba, na yi istihara. Ba zan zo ba, Lawali, kuma na fi so ka ji dalili daga bakina.

Ba daɗin aikin ne ya riƙe ni ba. Shekara bakwai ke nan ina koyar da Ingilishi a matsayin malamin kwantaragi. Ajina na sizyem, wato ajin farko na sakandare, bana yara 84 ne, mutum biyar kan littafi guda, kuma idan kuɗin wata ya yi jinkiri sai mai shagon unguwa ya buɗe mini shafi. Duk ka san wannan.

Abin da ba ka sani ba shi ne darasin dare. Tun bayan ƙaramar salla wasu ƴan kasuwa shida suka roƙe ni in riƙa koya musu Ingilishi bayan isha'i, a wani zaure a unguwar Zariya. Akwai dattijo guda a cikinsu, mai sayar da kayan gyaran babura, bai taɓa zama a lakkol ba. Daren farko ya ce mini, "Malam, ni kaina ya riga ya bushe." Sai na ce ya lissafo mini abin da ya gani tun daga gida zuwa zauren. Ya ce bokiti, tebur, mota, direba, asibiti. Na ce masa duk waɗannan daga Ingilishi suka shigo Hausa, ashe ya daɗe yana yin harshen bai sani ba. Ya yi shiru, sannan ya gyara zama. Makon jiya ya zo da takardar kaya da aka aiko masa ta waya, ya ɗora yatsa yana bin layi ɗaya bayan ɗaya, ya karanta yawan kwali da ranar isowa da kansa. Da ya gama bai ce komai ba, hularsa kawai ya cire ya mayar. Ban taɓa jin daɗin alli da allo kamar daren nan ba.

Dabarar nan na kai ta aji. A da sai in bi ta Faransanci in fassara wa yara Ingilishi, alhali Faransancin ma bai zauna musu ba, kamar mai ɗaukar ruwa a kwando. Yanzu daga Hausa nake farawa. Yaran Maradi suna jin gidajen rediyon Katsina, ƴan uwansu na zirga-zirga ta Ɗan Issa da Jibiya, kunnensu ya saba da harshen fiye da yadda muke zato. Waɗanda ba su taɓa ɗaga hannu ba sun fara ɗagawa, musamman ƴan mata na layin baya.

Ga kuma yadda zamani ya juya. Ka dai ji cewa kundin tafiyar da mulkin Nijar da aka sa wa hannu a watan Maris na bana ya mai da Hausa harshen ƙasa, Ingilishi da Faransanci kuma harsunan aiki. Ban ce gobe komai zai sauya ba, doka a takarda daban, littafi a hannun yaro daban. Amma iyaye sun fara tambaya. Ga jami'ar Maryam Abacha a nan garin tun 2013 tana karantarwa da Ingilishi, ga layin dogon Kano zuwa Maradi da aka aza harsashinsa a 2021. Ranar da jirgin ya tsaya a garin nan, wa zai koya wa yaranmu harshen takardun da zai zo da su? A ganina yanzu ne bai kamata malamin Ingilishi ya ajiye alli ba.

To amma zama haka ba ci gaba ba ne, shi ya sa na yanke abu biyu. Na farko, zan shiga jarrabawar ENS, makarantar horar da malamai ta jami'ar Abdou Moumouni a Yamai, in nemi CAPES, wato takardar shaidar koyarwa a sakandare. Lisans ɗin da muka yi tare, digirinmu na farko, ta koya mini adabi da nahawu, ba ta koya mini yadda ake riƙe aji ba. Na fara bita, kullum bayan sallar asuba awa guda kafin in hau babur.

Na biyun ya fi yi mini nauyin faɗa. Kwanaki wani Inyamuri mai kayan lantarki ya nemi in yi masa tafinta a babbar kasuwa. Da ya saki baki da sauri, rabin maganar ta wuce ni, sai da na roƙe shi ya maimaita. Na kwana da abin a raina. Bakina da kunnena suna bukatar zama cikin masu harshen, sauraron rediyo kaɗai ba ya isa. Ina tara kuɗin darasin dare, jika biyar kowane mutum a wata, don in yi babban hutu a Gana.

Nan ne nake neman taimakonka. Kai kana bakin iyakar Aflawo. Don Allah idan ka sami sarari ka bincika mini makarantun koyon Ingilishi a Akkara: nawa ne kuɗin wata biyu, kuma ko akwai ɗan gida a Nima ko wani zango da zan sauka wurinsa. Idan Allah ya nufa, ta Lome zan bi, in kwana biyu a wurinka, mu sha hira.

Ka ba Alhaji haƙuri, ka yi masa godiya a madadina. Akwai wani tsohon ɗalibina da ya sami Bak, takardar kammala sakandare, bara, yaro mai amana, Ingilishinsa ya yi kyau. In yana so, sai in turo maka lambarsa.

Hadiza tana gaida maiɗakinka, ta ce kilishin yana hanya tare da direban da zai taso ranar Litinin. Ka shafa mini kan yara.

Naka har kullum,
Sani