Wasiƙa Zuwa ga Aminina a Kan Fara Sauraron Woody Guthrie

Zuwa ga aminina,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa da fatan kana lafiya tare da iyali, saƙonka ya iso, kuma na ga tambayarka a kan Woody Guthrie. Ka ce ka ji sunansa a bakin masu zancen waƙoƙin gwagwarmaya na Amurka, ka shiga intanet neman waƙoƙinsa, sai ka tarar da su tuli har ka rasa bakin zaren. Abin da ya same ka shi ya same ni a farko, domin mutumin ya rubuta waƙoƙi fiye da dubu, kuma kamfanoni sun yi ta kwashe tsofaffin faya-fayansa suna sake fitar da su da sunaye daban-daban, har mutum ya iske waƙa ɗaya a wurare biyar.

Shawarata ita ce ka jinkirta waƙar da kowa ya san shi da ita, wato This Land Is Your Land, ka fara da kundin da ake kira Dust Bowl Ballads, wanda kamfanin RCA Victor ya ɗauka ya fitar a 1940. Amma kafin ka kunna shi, ya kamata ka san abin da ya haife shi, in ba haka ba za ka ji mutum ɗaya da jita yana rerawa ta hanci, ka kashe bayan minti biyu kana cewa na ɓata maka lokaci. An haifi Guthrie a garin Okemah na jihar Oklahoma a 1912, kuma yana zaune a Pampa ta jihar Teksas lokacin da fari ya haɗu da noman da ya cinye ciyawar da ke riƙe da ƙasa, iska ta riƙa kwashe gonaki ɗungurungum. Ranar 14 ga Afrilu, 1935, guguwar ƙura ta rufe sararin samaniya da rana tsaka har wasu suka ɗauka tashin duniya ne ya zo. Manoma suka rasa amfanin gona, bankuna suka karɓe filayen waɗanda suka kasa biyan bashi, dubban iyalai suka ɗaure kayansu a kan tsofaffin motoci suka nufi Kalifoniya ci-rani. Guthrie ya bi sahunsu, ya kwana inda suke kwana, kuma labarinsu ne ke cikin kundin daga farko har ƙarshe. Duk wanda ya ji dattawanmu suna ba da labarin farin 1973 da yadda mutane suka bar garuruwansu ba zai sha wahalar gane wannan ba.

A cikin kundin, wadda nake so ka fi ba hankali ita ce Do Re Mi. Kiɗanta mai daɗi ne kamar na wasa, amma abin da take faɗa mai ɗaci ne: a 1936 'yan sandan birnin Los Angeles sun tsaya a kan iyakokin Kalifoniya suna mayar da duk ɗan ci-ranin da bai da kuɗi a aljihu, alhali kuwa 'yan ƙasa ne a cikin ƙasarsu. Guthrie bai yi kuka a waƙar ba, bai kuma yi zagi ba. Ya yi kamar mai ba ɗan'uwansa shawara cikin raha, kuma a nan gwanintarsa take, domin habaicinsa ya fi ihun wasu ciwo. Daga nan ka saurari Talking Dust Bowl Blues, inda yake magana kawai a kan kiɗan jita, da I Ain't Got No Home. Za ka ga waƙar Tom Joad a rabe gida biyu. Dalili shi ne faifan wancan zamani ba ya ɗaukar fiye da 'yan mintoci a kowane gefe, ita kuwa waƙar doguwa ce.

Dole in gargaɗe ka a kan sauti. Za ka ji ƙarar allura a kan faifai, muryarsa a bushe take, wani lokaci yakan ja kiɗa ya tsawaita kafin ya shiga baiti kamar mai tuna abin da zai faɗa, kuma karin waƙoƙinsa da yawa aro ya yi daga tsofaffin waƙoƙin karkara da na coci, har da na iyalan Carter, sanannun mawaƙan karkara na Amurka, bai kuma taɓa ɓoye hakan ba. Kunnen da ya saba da kiɗan situdiyo na yanzu sai ya yi haƙuri. Ni abin da ya taimake ni shi ne tuna marigayi Ɗan Maraya Jos da kuntiginsa, mutum ɗaya da abin kiɗa ɗaya yana waƙar karen mota da sauran waɗanda ba a waiwaya. Da na saurari Guthrie da irin wannan kunne, sai na daina jiran kiɗa ya burge ni, na koma bin magana. Turancinsa na mutanen karkarar Oklahoma ne, yana haɗiye ƙarshen kalmomi, saboda haka ka nemi rubutattun baitocin ka ajiye a gabanka a sauraro na farko da na biyu.

In ka gama da wannan, sai ka wuce zuwa hirar da Alan Lomax, mai tattara waƙoƙin gargajiya, ya yi da shi a watan Maris na 1940 domin Ɗakin Karatu na Majalisar Dokokin Amurka. Kusan awa uku ce ta hira da waƙa a gauraye, kuma a nan za ka san mutumin kansa: yadda 'yar'uwarsa ta rasu a gobara, yadda aka kai mahaifiyarsa asibitin masu taɓin hankali, da yadda gidansu ya watse. Ciwon da ya kama mahaifiyar, wanda ake kira cutar Huntington, na gado ne, kuma shi ne ya kwantar da Guthrie a asibiti shekaru masu yawa har ya rasu a New York ranar 3 ga Oktoba, 1967. Kada ka saurari hirar a cikin mota ko kasuwa. Tana son dare da natsuwa.

Sai a mataki na uku nake so ka zo kan This Land Is Your Land. Ya rubuta ta a watan Fabrairu na 1940 saboda ya gaji da jin God Bless America ta Irving Berlin a rediyo, wadda a ganinsa ta manta da masu yunwa. Yau yara 'yan makaranta suna rera ta tamkar taken ƙasa, amma akasari ba tare da baitocin da suka fi zafi ba: ɗaya a kan allon da ke nuna cewa fili mallakar wani ne, ɗaya kuma a kan mutanen da ya gani a layin karɓar tallafi. Ka nemi ɗaukar da ya yi wa Moses Asch, mai kamfanin faifai, a 1944, wadda ke cikin kundi na farko na The Asch Recordings da kamfanin faifai na Smithsonian Folkways ya fitar, domin baitin allon yana ciki. Wanda ya riga ya ji Do Re Mi zai fahimci waƙar yadda mai ita ya nufa.

Akwai kuma waƙoƙi 26 da ya rubuta cikin wata guda a 1941, lokacin da wata hukumar wutar lantarki ta gwamnatin tarayya ta ɗauke shi aiki domin ya yabi madatsun ruwan kogin Columbia. Pastures of Plenty a cikinsu tana daga cikin mafi kyawun abin da ya yi, amma sauran ba su kama ni sosai ba, domin waƙar yabon aikin gwamnati ce, kuma madatsar Grand Coulee da yake kambamawa ta toshe hanyar kifi ta kuma nutsar da wuraren kamun kifi na 'yan asalin yankin. Ka saurare su, amma ba da gaggawa ba.

Abu na ƙarshe, kada ka wahalar da kanka neman muryarsa a waƙar Deportee, wadda ya rubuta bayan haɗarin jirgin sama na 1948 a Kalifoniya da ya kashe leburori 'yan Meziko 28 da ake mayarwa gida, kafofin labarai da yawa kuma suka kawo sunayen ma'aikatan jirgin suka bar nasu. Shi baitoci kawai ya rubuta. Martin Hoffman ne ya sa musu kari bayan wasu shekaru, saboda haka a bakin Pete Seeger ko Joan Baez za ka same ta.

In ka saurari kundin farko sau biyu, ka rubuto mini wadda ta fi tsaya maka a rai, domin ina da zato amma ba zan faɗa ba tukuna. Ka gaishe mini da mutanen gida baki ɗaya.

Wassalam,
Naka amini.