Zuwa ga Abba, kafin takardar Disamba ta shiga kwandon shara

Assalamu alaikum Abba,

Ya jikin naka? Ya Maryam da yara? Allah ya ƙara sauƙi. Na zauna na rubuto maka ne saboda a waya ba ka bari in kai aya. Da na fara sai ka ce "to Baba, na ji," ni kuwa na san ba ka ji ba.

Ƙanwarka ta faɗa wa Ummanku cewa tun watan Yuni kana zuwa aiki a shagon abokin nan naka. Kada ka ga laifinta, suɓutar baki ce, kuma ni na matsa mata ta ƙarasa. Aikin bai dame ni ba, wallahi na ji daɗi, don na san yadda zaman gida ya ci ka tun bayan hatsarin. Abin da ya hana ni barci shi ne an ce ba ka sanar da Social Security, hukumar Amurka da ke biyan ka kuɗin naƙasa, cewa kana aiki ba, wai abokin ya ce maka kuɗin kaɗan ne, babu mai lura.

A watan nan na Disambar 2025 takardar ƙarin kuɗi na shekara za ta zo maka, kamar yadda tawa ta zo. Ƙarin 2026 kashi 2.8 ne cikin ɗari, a kan fanshona da kuɗin naƙasarka duka. Ba kyautar wani shugaba ba ce. Tun 1975 doka ta ɗaure shi da tsadar kaya: yanzu ana duba farashi daga Yuli zuwa Satumba, a sanar a Oktoba, kuɗin ya fara shigowa a Janairu. Shi ya sa a 2023 aka ga 8.7 mutane suna ta murna, alhali tsada ce ta riga ta cinye shi, a 2016 kuma ko sisi ba a ƙara ba. Wanda yake karɓar dala 1,500, ƙarinsa dala 42 ne. Kuɗin Medicare, inshorar lafiya ta gwamnati, da ake cirewa tun kafin a turo maka ya tashi daga dala 185 a 2025 zuwa 202.90 a 2026, ka ga kusan dala 18 ta tafi. Saura nawa? Kai ka yi karatun lissafi. Na san wannan ne ya kai ka shagon, ba kwaɗayi ba.

Amma akwai wasu lambobi da su ma suke canzawa duk shekara, waɗanda ba a yayata su, kuma su ne suka shafe ka. Doka ta ba mai karɓar SSDI, wato kuɗin naƙasa irin naka, watanni tara na gwajin aiki a cikin shekara biyar, ana biyansa kuɗinsa cif ko nawa ya samu. A 2025 duk watan da albashinka ya wuce dala 1,160 an ƙirga shi cikin taran nan, a 2026 iyakar ta koma 1,210. Kuma albashi ake dubawa kafin a cire haraji, ba abin da ya shiga aljihunka ba. Taran ba sai sun zo a jere ba. Ka tuna ɗan aikin da ka gwada a wajen kawunka, wanda ba mu wanye lafiya a kansa ba? Mai yiwuwa an ƙirga wasu watannin tun lokacin. Haɗa su da na Yuni zuwa yanzu. Ina tsoron taranka sun ƙare kana nan ba ka sani ba.

In sun ƙare, wata iyaka ce take aiki, dala 1,620 a wata a 2025, 1,690 a 2026. Ka haura ta, za a yi maka sassaucin wata uku, daga nan duk watan da ka haura ba ka da haƙƙin kuɗin wannan watan. To ga inda tsorona yake, Abba. Kuɗin ba zai tsaya da kansa ba. Zai ci gaba da shigowa, kana ci, kana biyan haya, kana ganin kamar halal ɗinka ne. Mai shagon kuwa dole ne ya kai rahoton albashin ma'aikatansa duk shekara, da lambarka ta Social Security a jiki. Za su gani, sai dai a makare, bayan shekara ɗaya ko fiye, lokacin da abin ya riga ya taru. Sai wasiƙa ta zo a ce an biya ka fiye da ƙima, ka dawo da dubban daloli. Tun Afrilun 2025 kuma, wanda bai nemi sassauci ba, rabin kuɗinsa na wata ake riƙewa har a gama cire bashin. Rabi! Da me za ka biya haya? Da me Maryam za ta riƙe gidan? Ka koma tsayuwar awa goma da wannan bayan naka? Ni na zauna a bakin gadonka a asibiti, na san abin da likita ya faɗa, ko da kai ka manta.

Kuma in har abokin naka a hannu yake ba ka kuɗin ba tare da rubutawa ba, to abin ya fi muni, don ya tashi daga mantuwa ya koma ɓoyewa. Ramin ƙarya ƙurarre ne. Ranar da wasiƙar za ta zo, sunanka ne a kai, ba nasa ba. Yaushe ka fara jin maganar abokai fiye da ta ubanka? Kun sha yi min dariya kan jakar takardun nan, kai da 'yan'uwanka, kuna cewa Baba ko rasidin burodi ba ya yarwa. Jakar nan ce ta sa da na je neman fanshona ban roƙi kowa ba. Ban rene ku da kuɗin da zan ji kunyar faɗin inda ya fito ba, kuma ba zan zuba ido ka ciyar da jikokina da shi ba. In ka ga tsanani ne, to, na yarda.

Ban ce ka bar aikin ba. Kuɗin nan haƙƙinka ne, daga harajin da aka yi shekaru ana cire maka, kuma dokar ba ta hana ka motsi ba. Ko kuɗin ya tsaya saboda aiki, Medicare ɗinka zai ci gaba na aƙalla wata 93 bayan watannin gwaji. In jikin ya sake ƙi a cikin shekara biyar, ana iya dawo maka da biyan ba tare da ka faro daga tushe ba. Abin da kake kashewa saboda larurar don ka iya aiki, kamar magani, ana iya cire shi daga lissafin albashin, in ka ajiye rasidi. Ko wasiƙar bashin ta zo, kana da kwana 60 ka ɗaukaka ƙara, kana iya neman a yafe, amma wanda ya kai kansa da wanda aka gano ba kallo ɗaya ake yi musu ba.

Ka tattara takardun albashinka tun daga Yuni. Ka kira su ko ka je ofishinsu, ka tambayi watannin gwaji nawa suka rage maka, kuma kada ka fito sai an ba ka shaidar cewa ka kai rahoto. In kana jin nauyi, zan hau mota in zo mu je tare, ba zan buɗe baki ba sai ka ce in yi magana. Ummanku ta ce ba zan iya ba, ka ba ni dama in ƙaryata ta.

Tana gaishe ka, ta ce ka kira ta ranar Juma'a, kuma kada ka yi wa ƙanwarka faɗa. Allah ya yi maka albarka, ya ƙara maka lafiya.

Babanka