Ƙwallo ko karatu: ina kuɗin jami'a ya kamata su fara zuwa?

Assalamu alaikum Malam Edita,

Wallahi abin nan yana damuna. A Amurka akwai jami'o'in da kocin ƙwallo ya fi shugaban jami'a albashi nesa ba kusa ba, don Allah kar mu kwaikwayi wannan. Ba wai ina ƙin wasanni ba ne, ni ma na taka leda a Samaru da ƙuruciya, kuma gasar wasannin jami'o'in Nijeriya ta NUGA tana haɗa kan yaranmu sosai, amma ku tuna 2022 da ƙungiyar malaman jami'a ta ASUU ta yi wata takwas tana yajin aiki, 'ya'yanmu na zaune a gida haka kawai. Kuɗin TETFund, wato asusun tallafa wa manyan makarantu, su fara shiga laburare da ɗakin gwaje-gwaje da hostel tukuna, in ragowa ta samu sai a gyara fili a sayi jesi.

Naku,
Wani uba daga Tudun Wada, Zariya