Amsa ga ƙanena kan fim ɗin bankwanar Jay-Z

Ƙanena, salamu alaikum.

Tunda a gidan rediyo ka jefo mini tambayar, jama'a na saurare, lokaci kuma ya ƙure ban amsa ba, bari amsar ma ta zo a bainar jama'a. Cewa ka yi don me nake tura matasa masu waƙar gambara su kalli fim ɗin Fade to Black na mawaƙin gambaran Amurka Jay-Z, alhali fim ne na wasan bankwanarsa, mai bankwanar kuwa bai je ko'ina ba. Ashe ba talla aka yi wa mutane aka kwashe musu kuɗi ba?

Kan batun bankwana, ba ni da ja. Ranar 25 ga Nuwamban 2003 Jay-Z ya cika zauren Madison Square Garden na birnin New York, wanda ke ɗaukar mutum kusan 20,000, ya ce daga kundinsa na takwas, The Black Album, ya ajiye makirufo. Shekarunsa 33 a lokacin. Har riga mai sunansa aka ɗaga sama a zauren, irin karramawar da ake yi wa ɗan wasan da ya yi ritaya. Fim ɗin ya fito a 2004, shi kuwa ya koma ofis ya zama shugaban kamfanin waƙoƙi na Def Jam, sai ga shi a Nuwamban 2006 da sabon kundi, Kingdom Come. A shekarar ce ma ya zo Najeriya har aka naɗa shi Sarkin Waƙa a Ilori. To wane irin mai ritaya ne wannan? Talla kam akwai ta, kuma ɗan kasuwa ne tun fil'azal: da kamfanoni suka ƙi ɗaukarsa, shi da Damon Dash da Kareem Burke suka kafa nasu, Roc-A-Fella, suka fitar da Reasonable Doubt a 1996.

Amma ni ba dandamalin nake tura ku kallo ba. Eh, Beyoncé ta hau, Mary J. Blige ta hau, Missy Elliott ma haka, fitilu da ihu ba a magana. Wannan kowane mai kuɗi zai iya shiryawa. Abin da ya sa fim ɗin ya fita daban shi ne yadda ake yanke wasan a tsakiya a kai ka sutudiyo, ka ga yadda aka ƙera waƙoƙin da ake rerawa.

Kalli wurin da yake zaune da Timbaland. Mai haɗa kiɗan yana sako masa kiɗa ɗaya bayan ɗaya, shi kuwa fuska ba yabo ba fallasa, har aka zo kan wanda ya zama "Dirt Off Your Shoulder". Nan take fuskar ta yamutse, kai ya fara kaɗawa. Bai karɓi na farko don kunya ba, bai karɓi na biyu don sunan mai shi ba. Sai kuma gidan Rick Rubin, wancan mai dogon gemu da ya kafa Def Jam tare da Russell Simmons tun shekarun 1980, inda aka yi "99 Problems". Jay-Z na gefe yana motsa leɓe, yana gunguni shi kaɗai kamar mai tilawa, babu biro babu takarda, sannan ya shiga ɗakin ɗauka ya zubo baitin daga ka. Wanda ya taso yana jin marigayi Mamman Shata ba zai ga baƙon abu a nan ba. Sai dai kada wani yaro ya kalla ya ce daga yau ya daina rubutu. Mutumin ya shafe shekaru yana sarrafa baiti a zuci tun yana yawon unguwar Marcy a Brooklyn kafin hannunsa ya faɗa haka.

Akwai kuma Kanye West, saurayi a lokacin, kundinsa na farko bai ma fito ba, yana kunna kiɗa yana zuba bayani kamar zai ci babu, don dai maigida ya ɗauka. Ku da ke ganin zuwa sutudiyo hira ce da ɗaukar hoto, wannan wurin naku ne.

Wurin da ya fi tsaya mini a rai ba waƙa ba ce, gardama ce. Suna zaune ana maganar abin da ya sa mawaƙan gambara ke ta zancen bindiga da kisa, ko da ba shi ne a ransu ba, shi kuma ya ɗora laifin a kan kasuwa, cewa masu saye sun tsorata mawaƙa har ba sa iya faɗin abin da ke zuciyarsu. A cikin kundin ma, a waƙar "Moment of Clarity", ya amsa da bakinsa cewa ya sassauta zurfin baitocinsa don kuɗi su ninka. Ban wanke shi ba, don wanda ya fi kowa cin ribar kasuwar bai kamata ya fi kowa kuka da ita ba. Kuma zancen bindigar nan ba wasa ba ne: a daren ya kira mahaifiyar Tupac Shakur, wanda aka harbe a 1996, da mahaifiyar Notorious B.I.G., wanda aka harbe a 1997, suka hau dandamali.

Inda za ka kama ni da hujja shi ne abin da fim ɗin ya rufe. Labarin mutum ne daga bakin kansa, saboda haka ba za ka ga tsamin da ke tsakaninsa da Damon Dash ba, alhali ba a daɗe ba suka raba gari. Za ka ga R. Kelly a dandamali ana raha, amma rangadin da suka fita tare a 2004 watsewa ya yi da rigima, a wannan zaure dai, har da zuwa kotu. Sayar da ƙwaya da ya yi a ƙuruciya kuma an fi jin ta a matsayin kirari, ba a ga waɗanda ta nakasa ba. Ga ashar kamar ruwa, da shigar da ba za ka so ƙannenka su gani ba, don haka ba fim ɗin kallo a tsakar gida ba ne.

In ka samu fim ɗin, fara da wuraren sutudiyon, ka maimaita na Timbaland da na Rick Rubin, sannan ka zo mu ci gaba da musun.

Naka,
Yayanka