Kafin a ɗaure muku ƙashin baya, ku tambayi yadda za ku tsaya

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ka ba ni ɗan fili in yi magana da masu fama da gocewar ƙashin baya, musamman waɗanda aka ce sai an yi musu aiki.

Ni yau shekara uku ke nan da yi mini. Ƙasusuwa biyar ne a kwankwaso, na huɗun ne ya zame gaba a kan na biyar, waɗanda likitoci ke kira L4 da L5. Tafiyar minti biyar sai ƙafafuna su yi nauyi su ɗau zugi, ba sauƙi sai na zauna ko na sunkuya. Wata takwas na yi ina shan magani ina zuwa gashi kafin a kawo zancen tiyata, kuma ban ga laifin jiran ba, don yawancin masu ciwon ba sa kaiwa ga wuƙa.

Da na ɗauka ƙashin za a ja a mayar mazauninsa, shi ke nan. Ashe ba nan gizo ke saƙar ba. Likitana ya ce gocewar mataki huɗu ce, kowanne kashi 25 cikin 100 na faɗin ƙashin, ma'aunin da wani likita Meyerding ya fitar tun 1932, kuma tawa tana matakin farko. Abin da ya fi damunsa lanƙwasar kwankwaso ce. Allah bai yi shi miƙe sambal ba, yana da lanƙwasa ta ciki, kuma kusan biyu bisa uku nata a gaɓoɓi biyun ƙasa take, daidai inda za a yi aikin. In aka ɗaure wurin da kusoshi da sandunan ƙarfe a miƙe, haka ƙashin zai haɗe. Daga nan jiki ya rinjaya gaba, mutum ya riƙa rage gwiwa don ya ɗago kai, gaɓar da ke sama kuma ta ɗauki kayan da ba nata ba.

Na gani da idona a layin ganin likita. Wani dattijo ne, ciwon ƙafa ya tafi, amma ba ya iya tsayuwar minti goma a miƙe. Aiki na biyu ake shirya masa.

Shi ya sa likitana bai tsaya ga hoton MRI ba, wanda a kwance ake ɗauka. Ya sa aka ɗauke ni a tsaye, daga wuya har ƙugu. Bai kuma matsa sai ƙashin ya koma daidai ba, don jan da yawa kan iya miƙe jijiya ƙafa ta saki.

Saboda haka duk wanda aka sa wa rana, ya tambaya: an ɗauke ni hoto a tsaye? Wace lanƙwasa za a bar mini? Mai shan taba kuma ya aje ta, tana hana ƙashi haɗewa. Wanda fitsari ko bayan gida ya fara kufce masa kuwa, wannan ba na jira ba ne, asibiti zai nufa a ranar.

Na gode.

Wata malamar makaranta mai ritaya