Zuwa ga abokan cinikinmu: kada ku yar da tsohon batir

Assalamu alaikum, masu girma abokan hulɗarmu.

Muna godiya ga Allah, muna kuma gode muku. Da yawanku da muka haɗa wa sola don fanka da ƙwai biyu, yau kun dawo kuna neman wutar da za ta ɗauki firiji da injin walda. Sana'a ta buɗe ke nan, kuma ba mai son ganin ta tsaya saboda rashin wuta.

Gaskiya ne sola ta fi janareta tausayin iska. Duk litar dizal da aka ƙona tana fitar da kusan kilo 2.7 na iskar kabon, ban da ƙara da hayaƙi. Faifan sola kuma ya yi araha da kusan kashi 90 cikin ɗari tsakanin 2010 da 2020, shi ya sa ƙaramin ɗan kasuwa ya iya kai hannu gare shi.

Amma akwai inda muke jin nauyi a zuciya, wato batir. Kwanakin baya ma'aikacinmu ya je gyara, ya tarar da wani yaro yana fasa tsohon batir da guduma, hannu ba safa, ruwan batirin na malala cikin ƙasa kusa da rijiya. Irin batirin da muke sayarwa ne. Cikinsa dalma ce, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babu wani adadinta a jinin mutum da aka san ba ya cutarwa. Yara ta fi yi wa illa, domin tana taɓa ƙwaƙwalwa tun tana girma, kuma ɓarnar ba ta gyaruwa. Abin ya tsaya mana a rai ƙwarai.

Don haka daga yanzu, duk wanda zai canja batir a wurinmu, ya kawo tsohon, ko ya kira mu mu ɗauka. Za mu rage masa kuɗin sabon, mu miƙa tsohon ga masu narka dalma da ke da lasisi.

Sannan kafin mu ƙara muku faifai, ku bar mu mu duba kayan wutarku tukuna. Sau da yawa tsohon firiji mai lalatacciyar robar ƙofa ne ke shanye cajin. Batirin dalma kuma, in ana zuƙe shi har cajinsa ya yi ƙasa da rabi kullum, ba ya kai kwanansa. Wannan dubawar kyauta ce, ko da ba mu ne muka haɗa muku ba.

Mun gode, Allah ya ƙara buɗi.

Naku,
Shugabanni da ma'aikatan kamfani