Wasiƙa daga Jos: Ɗakin da Muka Buɗe a Bayan Majami'a

Ɗan'uwana kuma abokina,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu. Ina fata kana lafiya, kai da uwargida da yara, kuma sanyin Ingila bai hana ku fita sujada ba. Shirun da ya shiga tsakaninmu ya yi tsawo, labarin da ke bakina kuwa ya fi ƙarfin gajeren saƙon waya, shi ya sa na zauna na ɗauki biro.

Dattawan ikilisiya sun amince mu buɗe ɗakin ba da shawara. Ka san ɗakin nan na bayan majami'a inda 'yan Zumuntar Mata suke ajiye ganguna da tuluna; shi muka share, muka sa kujeru da labule. Ni da wasu 'yan'uwa, maza da mata, mun yi horo a kan warkar da raunukan zuciya, yanzu kuma muna zama da masu bukata, mata da mata, maza da maza. Na san abin da za ka ce, domin tun muna ƙungiyar matasa kake yi wa fastoci gorin cewa kowane ciwon kai a wurinsu aljani ne. Ka ajiye gorin tukuna, malam nas, ka ji sauran.

Ba a samu amincewar cikin sauƙi ba. Wani dattijo da nake girmamawa ƙwarai ya ce wanda ya ba da gaskiya ba ya damuwa, kuma azumi da addu'a sun isa. Baba Fasto bai yi masa gardama ba, sai ya buɗe 1 Sarakuna sura 19 ya karanta labarin Iliya. Annabin da ya ga wuta ta sauko a Dutsen Karmel, shi ne ya gudu jeji ya zauna a gindin itace yana roƙo a ɗauki ransa. Ubangiji bai tsawata masa ba. Mala'ika ya tashe shi ya ba shi abinci da ruwa, ya bar shi ya sake kwanciya, ya sake ba shi abinci. Sai da ya isa Horeb aka tambaye shi abin da ya kawo shi, aka bar shi ya zazzage cikinsa, sannan aka ba shi sabon aiki, aka kuma sanar da shi cewa akwai mutum 7,000 da ba su durƙusa wa Ba'al ba. Abinci da barci, sauraro, sannan aiki da jama'a. A ganina duk abin da muke ƙoƙarin yi yana cikin wannan sura, kuma na gaskata cewa zama a saurari mai baƙin ciki ibada ce, ba ragin bangaskiya ba.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne wani saurayi, wanda ya ba ni izinin in ba da labarinsa muddin ban faɗi sunansa ba. Yana ƙaramin yaro lokacin da Boko Haram suka shiga Michika a watan Satumba na 2014. Suka gudu Mubi, ita ma ta faɗi a ƙarshen Oktoba, lokacin da hedikwatar Ekklesiyar 'Yan'uwa a Nijeriya (EYN) da ke Kwarhi ta watse shugabanninta suka dawo nan Jos na ɗan lokaci. A hanyar nan ya rasa mahaifinsa. Yau ya fi shekara 20, yana tuƙa Keke, amma idan yara suka fara fasa abin wasan wuta lokacin Kirsimeti sai ya ajiye aiki ya kulle kansa a ɗaki. Ranar da ya fara zuwa bai ce komai ba, hularsa kawai yake murzawa har zaren bakinta ya warware. An koya mana tambayoyi uku masu sauƙi: me ya faru, yaya ka ji, mene ne ya fi maka wuya. Da muka kai ta ukun, na ɗauka mutuwar mahaifin zai ambata. Sai ya ce abin da ya fi masa wuya shi ne bai san ko shi wane ne ba. A Jos ɗan gudun hijira ake kiransa, da ya je Michika kuwa harshen Kamwe ya ƙi zama a bakinsa, danginsa suna yi masa kallon baƙo.

Ban jefa masa aya don in rufe bakinsa ba. Abokan Ayuba sun yi daidai a kwana bakwai ɗin da suka zauna shiru. Da suka fara bayani ne suka ɓata. Daga baya muka karanta Zabura 88 tare, wadda ta ƙare da duhu ba tare da wata ta'aziyya ba, ya yi mamakin cewa irin wannan kuka yana cikin Littafi Mai Tsarki. Ya rubuta nasa makokin da hannunsa, a ranar rufe taron rukuninsu kuma ya kai takardar gindin gicciye tare da na sauran aka ƙone. Ba zan ce maka ya warke ba. Amma ya fara yarda cewa sunan da aka kira shi da shi ranar baftisma ya girmi sunan ɗan gudun hijira, kuma da kansa ya roƙi a bar shi ya taimaka a ajin yara na ranar Lahadi. Wata tsohuwa 'yar garinsu da ke cikin Zumunta ta ɗauki nauyin yi masa magana da Kamwe duk inda suka haɗu.

Ita Zumuntar ma ta zama ƙashin bayan aikin, domin uwargidana ta ce gwauraye da yawa sun daɗe suna neman inda za su yi kuka ba tare da labarin ya zaga unguwa ba. Dokarmu ta farko ita ce riƙon amana, kuma mun faɗa wa kowa iyakarta: idan rai yana cikin haɗari, dole mu nemi taimako.

Nan ne nake bukatarka. Akwai waɗanda damuwarsu ta wuce abin da zama da addu'a za su ɗauka, kamar mai jin muryoyi, ko wadda ta haihu ta daina cin abinci ta ƙi jaririnta, ko mai maganar kashe kansa. Mun tsai da shawara cewa irin waɗannan za mu raka su asibitin koyarwa na nan Jos, ko asibitin ƙwaƙwalwa na Barnawa a Kaduna, mu ci gaba da yi musu addu'a suna shan maganinsu. Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da aka sa wa hannu a Janairun 2023, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958, ta ba majinyata haƙƙoƙi, amma likitocin ba su da yawa, iyalai kuma suna tsoron a ce ɗansu ya taɓu. Tunda a irin wannan sashen kake aiki, ina roƙonka ka rubuto mana alamomin da ya kamata mu lura da su, da Hausa mai sauƙi wadda kowace uwa a Zumunta za ta gane. In zai yiwu kuma, ka yi magana da masu aikin ta waya wata Asabar da yamma.

Mama tana gaishe ka ƙwarai, haka ma Baba Fasto, wanda ya ce har yanzu yana jiran muryarka a ƙungiyar mawaƙa. Ka gaida uwargida da yara. Ka sa saurayin nan cikin addu'arka, musamman idan Disamba ta gabato.

Naka cikin Almasihu,
Abokinka na Jos